Ƙusa Cikin Dusa

Dawuda na zaɓen tumatir a kasuwar Shisha da ke Makka sai ya ji muryar 'yarsa Jawahir tana wani yare da bai taɓa ji ba. Ya waiwaya. Ga ta tana nuna wa wata mata mai Umara hanya, magana na zuba kamar an buɗe famfo. Matar ta rusuna, ta tafi.

"Wane yare ne wannan?" ya tambaye ta da Larabci.

"Japananci, ya Baba. A waya na koya."

Tumatirin ya suɓuce daga hannunsa. Yarinyar da a Makka aka haife ta, wadda in ka yi mata Hausa sai ta ce "Esh?", wato "Me?" da Larabci. Ga mahaifiyarsa, Inna Adama, a kan keken guragu. Ta zo daga Kano, gobe za ta koma, ba ta ji ko kalma ɗaya ta Hausa daga bakin jikarta ba. Baƙin ciki ya tokare shi.

"Inna, kin gani ko? Yaren bangon duniya ta iya, namu ne ba ta so. Wallahi dusa na shuka."

"Su Japanawa ƙusa suke bugawa cikin dusa, Baba. Nuka ni kugi. Duk ɗaya ne, aikin banza."

Da Hausa Jawahir ta faɗa. Hausa mai gargada, amma Hausa. Dawuda ya yi sororo, baki buɗe.

"Dama kina ji?"

"Komai ina ji. Har wanda kake faɗa a kaina."

"To me ya hana ki yi?"

"Ina ƙarama na yi a gaban baƙinka. Ka kwaikwaye ni, kowa ya yi dariya. Halas, shi ke nan na bari."

Ya laluba ransa, ko ranar bai tuna ba. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Inna Adama ta miƙo hannu. "Zo nan, 'yar nan. Gaishe ni."

Jawahir ta durƙusa a gaban keken. Ana kiran la'asar a lokacin.

"Ina kwana, Inna."

Dawuda ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya ga tsohuwar ta zuba masa ido. Ya rufe bakinsa.

"Lafiya lau," in ji Inna. "Kin tashi lafiya?"