Gyaren da Nadine Ta Gani

"Juya shi in ga cikin," in ji Orville.

Wilma Caudill tana tsaye a bakin gadonsa cikin rigar ruwa, da safar wanke-wanke har gwiwar hannu, da hular raga ta masu kiwon zuma wadda ta aro a coci, alhali ko alamar hadari babu. Ta riƙe ƙwaron da awartakin gashin nama, ta miƙa hannu iya tsawonsa ta kau da kai. Ƙwaron yana ta tsala ihu, yana zare jajayen idanu.

Tsohon ya gyara tabarau ya duba. "Babban ne. Ba ki ga zanen cikinsa mai faɗi ba? Ga kuma ɗigo mai launin ruwan lemo a bayan ido. Irinsa sun fi ganye yawa a unguwar nan."

"To ka ci abinka."

"Na gaya miki ƙarami nake so, mai siririn zane."

"Orville Tackett, ni fa ban haife su ba, balle in san babba da ƙarami."

Mako na biyu ke nan da gyaren ya fito. Shekara goma sha bakwai yake yi a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar saiwa, sannan ya ɓullo gaba ɗaya lokaci guda, ya rufe ƙaramin garin nasu na Kentucky da kuka. Wilma kuwa duk duniya ba abin da ta tsana kamar ƙwaro. Da suka fara fitowa ta yi rantsuwa ba za ta taka tsakar gida ba sai sun mutu. Sai ga shi asibiti ya sallamo maƙwabcinta ya ƙarasa kwanakinsa a gida, zuciya ta gaji, ƙafafu sun kumbura. Ta kai masa farfesun kaza, ta yi kuskuren cewa, "In akwai abin da kake so ka faɗa."

Ya kuwa faɗa.

Gyaren iri uku ne. Akwai babban, akwai ƙarami mai baƙin ciki ƙirin, akwai kuma na uku wanda ba kasafai ake ganinsa ba, ƙarami shi ma, amma da siraran layuka ruwan lemo a cikinsa. Orville ya yi aikin raba wasiƙu har ya yi ritaya, ƙwari kuma su ne abin da ya ɗauka da zafi, ga littattafansu cike da kanta. Iri biyu ya taɓa gani. A fitowar da ta gabaci ta ƙarshe, matarsa Nadine ta shigo daga shanya ta ce na ukun ya sauka a kan zanen gado, ta juya shi ta ga layukan da idonta. Ya yi mata dariya. Bai tsaya nan ba, ya maimaita labarin a wurin cin abincin coci, mutane suka taya shi. Da gyaren ya sake dawowa Nadine tana kwance a asibiti, ba wanda ya bi ta kan ƙwari, kuma ba ta dawo gida ba.

"A lahira zan same ta," ya ce wa Wilma ran farko. "Kin san Nadine. Kafin ta ce sannu da zuwa maganar za ta ɗauko. Ina so in san ko da ƙarfina zan shiga, ko da hula a hannu ina neman afuwa."

Shi ya sa mace mai shekara saba'in da ɗoriya take yawo da awartaki a gindin itatuwa, tana juya ƙwari kamar mai suyar ƙosai. Kuma abin bai ishe ta ba, ga Dewey Ratliff. Gidanta ne a tsakiya, Orville a dama, Dewey a hagu, kuma kwana da kwanaki tana jin injin ban ruwan ciyawarsa yana cit-cit-cit daga bayan katanga, tun hantsi har la'asar.

"Dewey! Kashe abin nan! Kifi za ka kiwata?"

Dewey ya leƙo da ƙaton tumbinsa. "Mis Wilma, na rantse tun bara ban kunna shi ba."

"Kunnuwana ne ke ƙarya ke nan?"

"Ni dai ban faɗa ba. Hular ta yi miki kyau."

Ranar Laraba ma'aikaciyar jinyar Orville ta tare Wilma a baranda, ta ce mata a hankali abin ya kusa, a kira 'yarsa ta taso. Wilma ta koma gida. Tausayin tsohon ya kama ta sosai, ga haushinsa, ga haushin ƙwarin. Ta zauna a kicin ta yi tunani, tunanin kuma bai kai ta wurin kirki ba. Ta kamo wani ƙarami mai ciki baƙi ƙirin, ta ɗauko jan farcenta ruwan lemo da tsinken sakace, ta danne shi da cokali ta ja masa layuka. Ta hura har ya bushe, ta saka shi a kwalba. A ganinta ko uwar gyaren ba za ta gane ba.

Orville ya karɓi kwalbar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe murfin ya shinshina.

"Wilma."

"Na'am."

"Wannan daga ɗakin gyaran gashi ya fito? Biki za shi?"

"Haka na tsince shi."

"Har ƙafarsa kin shafa wa."

Dariya ta kama shi, ta juye tari, sai da ta ɗaga shi ta ba shi ruwa. Da ya lafa ta zube a kujera ta cire hular, gashinta ya manne da gumi.

"Na gaji, Orville. Na juya ƙwaro har a mafarki. Ga wancan ƙaton yana kunna min injin ban ruwa yini guda, in yi magana ya ce ya lalace. Cit-cit-cit, cit-cit-cit, kamar a cikin kwanyata."

Tsohon bai ji wannan ƙarar ba ko sau ɗaya. Kunnensa ya daɗe da daina ɗaukar ƙananan sauti, tagoginsa kuma a rufe suke saboda na'urar sanyi.

"Sake yi in ji."

"Me?"

"Kukan."

Ta matso bakin kunnensa ta sake yi, tana jin kanta wawiya.

"Abin da Nadine ta ce ke nan," ya ce a hankali. "Ta ce da ya tashi daga kan zanen ya hau itacen walnat ɗin bayan gidanki, yana cit-cit-cit. Na ce mata, mace, injin ban ruwan baban Dewey kika ji."

Wilma ta dube shi. Itacen walnat ɗin ta san shi farin sani, shi ke ɓata mata mota da baƙin ruwan 'ya'yansa, har ta riga ta yi magana da mai sara ya zo ƙarshen wata. Ta miƙe ba ta ko ɗauki hular ba.

Dewey yana gareji lokacin da ta faɗo masa. Ya nuna mata injin a rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi masa riga.

"Kin gani? Ba haƙuri?"

"Haƙurin na nan zuwa. Ɗauko tsani."

"Ni zan hau?"

"Da wannan cikin? Riƙe kawai."

A gindin itacen suka tsaya. Ƙarƙashin babban ihun da ya cika gari, ga shi nan yana fita daga rassa, cit-cit-cit. Wilma ta hau, gwiwoyinta na ƙara, ƙwari na bugun fuskarta. Ɗaya ya faɗa mata cikin wuyan riga, ta ambaci sunan Ubangiji da wasu sunayen da Dewey bai san ta iya ba. Awartakin ya suɓuce ya bugi kafaɗarsa. Safar kuma ta yi santsi, ta kai hannu ta rasa, ta sake kaiwa ta rasa. Sai ta cije yatsan safar ta zare ta, ta zuba ido a kan wani ƙarami da ke kukan a reshen da ke daidai hancinta, ta cafke shi da hannunta tsirara.

Yana motsi a tafinta, ƙafafunsa na ƙaiƙayi. Ba ta yi ihu ba sai da ta sauko.

Orville ya karɓe shi, ya juya shi da kansa. Ƙarami ne. Bayan idonsa baƙi, ba ɗigo. A cikinsa ga layukan nan sirara, ruwan lemo. Ya shinshina, don kada a yi masa sau biyu. Ya lashi yatsa ya goga, layukan suka tsaya inda suke.

"Ashe da gaskiyarta," ya ce.

Dewey ya cire hularsa yana murza ta.

"Na shiga uku," in ji Orville, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, bakinsa kuma na dariya. "Har abada fa ake zama can, Wilma. Har abada zan sha gori."

"Ka cancanta."

"Na cancanta. Buɗe min taga."

Ta buɗe. Zafi da ihun gari suka shigo tare. Ya buɗe hannu, ƙwaron ya yi tafiya a kan yatsansa har ƙarshe, ya yi jim, ya tashi ya bugi labule, sannan ya sami hanya.

'Yarsa ta iso da yamma. Washegari da hantsi, tana karanta masa jarida, ya cika.

An yi jana'iza a cikin coci taga a rufe, don fasto ya gwada magana a waje ba a ji ko kalma ba. Mata suka cika teburin coci da soyayyar kaza da wainar masara. Wilma ta miƙe a gaban kowa ta ce Nadine Tackett ta ga gyare na uku, kuma duk wanda ya yi dariya a wancan karon, in yana nan, ya ji da kyau. Tsofaffi biyu suka sunkuyar da kai cikin faranti.

Kafin wata ya ƙare garin ya yi tsit. Ƙwarin sun mutu, an share su da shebur, bakin rassa ya bushe ya yi ja inda matan gyaren suka tsaga suka zuba ƙwai. Mai saran itace ya iso da motarsa, ya sauke zarto a gindin walnat.

"Mayar da shi," in ji Wilma daga baranda.

"Ba ke kika ce yana ɓata miki mota ba?"

"Zan riƙa ajiye ta a titi."

Da ya tafi ta ɗauki tsintsiya ta share hanyar mota tas. Da ta zo kan busassun rassan da iska ta karyo, masu ƙwai a ciki, sai ta jingine tsintsiyar. Ta tsugunna da ƙyar, ta kwashe su da hannu, ta kai gindin itacen ta ajiye inda ƙasa take da laushi.