Tawul ɗin Thimmappa

Tun da birai suka fara mutuwa a dajin bayan gari, Nagaveni ta daina ɗebo busasshen ganyen da ake shimfiɗa wa shanu. Kaska na cikin ganyen, in ji ma'aikatan lafiya, kuma da zarar gawar biri ta yi sanyi sai su watse neman jini mai ɗumi. Zazzaɓin da cizonsu ke kawowa ya riga ya ɗauke maƙwabciyarta Girija, hanci na zubar jini.

Da hantsi ta kai wa surukinta Thimmappa ruwan shinkafa, ta tarar yana kakkarwa cikin bargo, idanu jajur.

"Mava, ka shiga daji ne?" ta tambaye shi, da sunan da ake kiran suruki.

"Ke dai da tsoro kamar kazar da ta ga shaho! Gonar ayaba kawai na je."

"Me ka taɓa a can?"

Tsohon ya juya fuska bango. Can ya ce, "Biri ne, 'yata, bawan Hanumanta abin bautarmu. Na tsince shi kwance matacce a bakin rijiya. In na faɗa, mutanen nan za su zo su banka masa wuta kamar shara. Na naɗe shi, na sa masa furanni, na binne shi da mutunci."

Ƙoƙon ya kusa suɓuce mata. Sai a lokacin ta lura babu tawul ɗin da ba ya rabuwa da kafaɗarsa.

"Da me ka naɗe shi, Mava?"

"Kwantar da hankalinki, ban bar tawul ɗin a rami ba. Abin da ya taɓa jikinsa ai albarka ne. Na sa wa jaririyarki Chinnu ƙarƙashin kai, ya tsare ta."

Ba ta san lokacin da ta isa ga zanen da aka rataye ake kwantar da jaririyar a ciki ba. Chinnu na barci, baki buɗe. Ta fizge tawul ɗin daga ƙarƙashin shimfiɗa, ta jefa a murhu. Ta tuɓe yarinyar a hasken ƙofa, ta duba wuya, hammata, tsakanin yatsu.

A bayan kunne ta gan su. Kaska biyu, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, sun ƙoshi.

Ta taɓa goshin. Da sanyi. Ta sake taɓawa.

"Tashi, Mava," ta ce, tana saɓa yarinyar a kafaɗa. "Asibiti za mu, mu uku. Kuma da bakinka za ka faɗa musu inda ramin yake."