Duwatsun da Hajiya Turai Ta Rabar

Maƙalar da ta fi kowace fitar da sunan Dakta Abdulbaqi ita ce ta jefa shi cikin matsala. Ya wallafa ta shekarun baya a wata mujallar masana duwatsu ta ƙasar waje, a kan wasu tsaunuka biyu da ke kudancin jihar Kano. Abin da ya ce a ciki shi ne, bisa awon sinadaran da ya yi, duwatsun tsaunukan biyu daga narkakken dutse guda suka fito a can ƙarƙashin ƙasa, ba daga wuri biyu ba kamar yadda aka daɗe ana koyarwa. Shafin intanet da ke ƙirga yawan masanan da suka ambaci aikin mutum ya nuna an ambaci maƙalar sau ɗari uku da 'yan kai. A sashensu na jami'a babu wanda ya kama ƙafarsa. Sai dai shafin ba ya faɗin abin da masu ambaton suka ce. Fiye da rabinsu sun ambace ta ne don su ce awon bai yi daidai ba.

Da musun ya yi yawa, editan mujallar ya aiko masa da saƙo. Ya ce dole ya aika ainihin duwatsun da ya yi awon a kansu zuwa wani ɗakin gwaji da ba ruwansa da rigimar, a sake aunawa, ko kuma a janye maƙalar. A lokacin takardunsa na neman zama farfesa suna gaban kwamiti, kuma wannan maƙala ce a sama.

Komawa daji a ɗebo sababbi ba zai yiwu ba. Masu fasa dutse sun cinye gefen tsaunin da ya ɗebo su, sun mayar da shi tsakuwar gini. Amma Dakta bai damu ba, domin ya san inda nasa suke. Guda goma sha huɗu ne, an yanka kowane kamar tafin hannu, an goge fuska ɗaya ta yi santsi, a bayansa kuma an rubuta lamba da jan fenti, wadda ke nuna daga ina aka ciro shi. Shekarar da rufin ɗakin gwajinsu ya fara yoyo ya zuba su a akwatin ƙarfe, ya kai gidansu na gado a unguwar Sheshe cikin birnin Kano, ya ajiye a ɗakin da ke cikin soro.

Da ya buɗe akwatin, tsofaffin kwanuka ya tarar da fitilar da ta lalace.

Yayarsa Hajiya Turai, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar iyayensu, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Duwatsun nan masu santsi? Ai sun yi amfani, Auta."

Ta yi masa bayani a tsanake. Lokacin da ciwon mahaifiyarsu ya tsananta, likita ya hana ta taɓa ruwa, sai aka shiga neman dutsen taimama. Turai ta tuna da akwatin. Dutsen ya yi daidai da hannun tsohuwa, ba nauyi, ba ƙura. Wata mai zuwa dubiya ta gani ta roƙa wa mijinta. Daga nan duk wanda ya kwanta a dangi ko a maƙwabta, sai a aiko gidan a ce ko akwai sauran dutsen Dakta. Biyu suna Shahuci, uku suna Gwale, sauran suna nan cikin unguwa. Wanda ya warke ko ya rasu, nasa ya wuce ga wani.

"Lada yana ta zuwa maka kana can kana lissafi," in ji ta. "Tun da ka fara tara duwatsu, ban ga ranar da suka yi wa wani rana ba sai yanzu."

Ya ce mata aikinsa na shekara goma ne a cikin akwatin. Ta ce to da ya faɗa. Ya ce ya faɗa. Ta ce ya ce kada yara su taɓa, ita kuwa ba yarinya ba ce.

Ya roƙe ta ta aika a karɓo. Ta ajiye faifan ta dube shi. Ta ce ita ba za ta aika gidan marar lafiya a ce ya dawo da abin sallarsa ba, ko da za a naɗa shi sarkin farfesoshi. In yana da idon yin haka, ga hanya nan.

Ya fara da Shahuci, gidan Baba Ɗanladi, tsohon baduku abokin mahaifinsu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ya same shi a kwance, wani maƙwabcinsa Malam Salisu yana zaune a bakin gado ya zo dubiya. Dutsen yana kan wani ɗan ƙyalle kusa da matashi, fuskarsa ta ƙara sheƙi saboda shafa. Aka gaisa, aka yi ya jiki, aka yi addu'a ga mamata. Dakta ya shirya maganarsa tun a hanya, amma da tsohon ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan dutsen yana sa masa albarka, sai ta ƙi fitowa.

Baba Ɗanladi ne ya buɗe masa wata ƙofar magana. Ya tambaye shi, shi wannan dutse mai ɗigo-ɗigon fari da ja, a ina ake samunsa. Dakta ya ji an zo fagensa. Ya ce asalinsa ruwa ne, narkakke, a can cikin ƙasa inda zafin ya ninka na maƙera. Daga baya ya huce sannu a hankali ya daskare, ɗigon da ake gani kuwa ma'adinai ne da suka fito lokacin hucewar.

Malam Salisu, wanda ke ɗaukar karatun fiƙihu a soron limamin unguwarsu kuma bai daɗe da wuce babin tsarki ba, ya gyara zama.

"Dakta, wato wuta ta taɓa shi?"

Dakta ya yi karatun soro kafin boko. Ya san abin da ake koyarwa, cewa ƙasar da aka gasa ta zama tukunya ko jan bulo ta fita daga abin da ake taimama da shi. Ya kuma san ana nufin abin da ɗan Adam ya gasa da hannunsa ne. Ya dubi dutsen.

"A iliminmu dai, ya narke ƙurmus kafin ya zama haka," in ji shi.

Babu ƙarya a ciki. Bai ƙara komai ba, ya yi sallama ya tafi.

Kafin Juma'a duwatsu suka fara dawowa Sheshe. Wani a naɗe cikin ɗankwali, wani a leda, wani a cikin kwanon da aka saba kawo abinci. Kowane da saƙon godiya, da kuma tambaya. Wata tsohuwa a Gwale ta aiko a tambaya mata ko za ta rama sallolin shekara biyu. Wani gida suka aiko a tambaya yaya matsayin mahaifinsu da ya rasu yana amfani da shi. A soraye da bakin masallatai magana ɗaya ake yi, kuma kowa da inda ya jingina ta: Malam Salisu ya ji daga bakin Dakta Abdulbaqi, wane ya ji daga Malam Salisu. A cikin mako guda an ambaci sunansa a tsakanin Sheshe da Gwale fiye da yadda aka ambace shi a duk mujallun duniya, kuma a wannan karon babu mai musa masa.

Hajiya Turai ta daina yi masa magana sai ta bakin gaisuwa. Tana karɓar duwatsun tana jefawa a akwatin, ta rufe da ƙarfi yadda zai ji daga soro.

Malam Nata'ala, limamin unguwar Sheshe, ya aika a kira Dakta. Dattijo ne marar son dogon zance. Ya sa Dakta ya maimaita bayanin daga farko, yana saurare da idonsa a rufe.

"Wa ya hura wutar?"

"Babu kowa, Allah ya gafarta Malam. Haka aka halicce ta."

"Yaushe?"

"Shekaru miliyoyi, tun babu mutane."

"Ka san da haka ranar da ka je Shahuci?"

Dakta ya ce ya sani. Malam ya buɗe ido ya dube shi. Bayan la'asar ya tsayar da jama'a ya ce taimamar kowa ta yi, babu wanda zai rama komai, dutse ne kamar kowane dutse, kuma masanin da kansa ya tabbatar masa. Ya ce a kai maganar har cikin gidaje.

A lokacin dutse na goma sha huɗun ya riga ya iso. Washegari da hantsi Dakta ya shimfiɗa tabarma a soro, ya jera su, ya juya na farko don ya duba lambarsa. Babu komai a bayansa. Ya juya na biyu, ya juya sauran. Duk fes suke.

Ya leƙa tsakar gida ya tambayi yayarsa ina jan rubutun da ke jiki.

"Na kankare," in ji ta. "Da kananzir da soson ƙarfe, sannan na wanke da sabulu. Ka taɓa ganin an ba mutum abin ibada da fenti a jiki? In ya juya shi a duhu ya dafa fentin fa? Kwana na yi hannuna yana zafi, ko sannu ba ka ce ba."

Ya koma ya zauna. Da ido yana iya raba su gida biyu, na wannan tsauni da na wancan, ko da yake uku daga ciki suna iya faɗawa kowane ɓangare. Amma ɗakin gwajin ba wannan yake nema ba. Yana son a ce wannan shi ne na bakwai, wanda aka ciro daga wuri kaza, ga abin da aka samu a jikinsa a wancan karon, a gwada a gani. Ba tare da lamba ba, duwatsu ne goma sha huɗu masu kyau.

Akwai mai sayar da fenti a bakin titi, kuma babu wanda zai tambayi shekarun jan fenti. Dakta ya daɗe yana juya ɗaya daga cikin ukun nan a hannunsa. Yana iya zama na bakwai. Yana kuma iya zama na goma sha ɗaya, wanda duk rigimar take kansa. Ya ajiye shi, ya ɗauko wayarsa, ya rubuta wa editan cewa samfuran suna nan amma ba za a iya tantance su ba, saboda haka ya amince a janye maƙalar. Ya aika wa sakataren kwamiti kwafi. Sakataren ya amsa da cewa za a dakatar da duba takardunsa sai zagaye na gaba.

Hajiya Turai ta fito da mayafinta ta tambaye shi ko ya gama da su. Ya ce ya gama. Ta kwashe a zani ta fita rabo, ta ce da ƙafarta za ta je, tun da ita ce ta ji kunyar.

Ta dawo gab da magariba da guda ɗaya a hannu. Goma sha uku sun koma inda suka fito. Baba Ɗanladi ne ya ƙi karɓa. Ya sa an matsa da gadonsa jikin bangon ƙasa na ɗakin, nan yake dafawa. Ya ce a gaishe da Dakta, a gaya masa ya ji bayanin Malam kuma ya gamsu, amma shi a shekarunsa ya fi son abin da ba a yi bincike a kansa ba.