Hoton Istifanus da Wuƙa

Shekara ashirin da uku Malam Hamma ne ke yanka wa gidan Istifanus akuyar Kirsimeti. Duk layinmu a nan Wunti an san haka. Ranar jajibere da hantsi zai fito da wuƙarsa naɗe a tsumma, ya tsallaka kwata, ya yi sallama. Ya yi bisimilla ya yanka, ya wanke hannu, Agnes matar Istifanus ta miƙo masa shayi. Albarkacin wannan yankan ne idan abinci ya fito washegari babu gidan Musulmin da ke tambaya. Mu dai mu buɗe kula mu ci.

Babbar kular kuwa gidan Malam Hamma take zuwa, wurin matarsa Fatu. Ita da Agnes wata ɗaya ne tsakanin tarewarsu a layin nan, ɗaya daga Bogoro, ɗaya daga ruga. Fatu ce ta yi wa Agnes wankan jegon ɗanta na fari, Luke, don uwarta na nesa. Ni kuwa Bintu, da kowa ke ce wa Goggo, katangata da ta Agnes ɗaya ce. Akwai wurin da bulo guda ya fita tun shekarar da aka yi ruwa mai yawa, ban taɓa kiran magini ba.

Malam Hamma ya rasu da damina. Kafin sanyi ya shigo Fatu ta fita takaba, ta rame, zanenta har yana zagaya ta sau biyu.

Saura kwana biyar Kirsimeti Christabel, autar Agnes da ke aikin jinya a Jos, ta zo hutu da wata baƙar kyamara ta gwanjo rataye a wuya. Babu abin da ya tsira. Ta ɗauki cincin yana cikin mai, ta ɗauki tattasai a faifai, ta ɗauki mai kwasar masa a bakin titi. Ni ma ta ɗauki ƙafafuna a cikin safa da silifa, wai sun yi mata kyau. A gidansu ba a cin abinci sai ta hau kujera ta ɗauke shi ta sama. Ina jin Istifanus ta katanga yana cewa, "Ke, tuwon nan da zafinsa uwarki ta kawo shi."

Ranar jajibere, ina idar da sallar asuba na ji kukan akuya. Na leƙa. Ikrima ne, mahauci daga kasuwar Muda Lawal, yaron kirki, na san uwarsa. Agnes na tsaye da rigar sanyi tana riƙe masa fitila, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Yi da sauri, kada Adda Fatu ta ji. Ba na son in tuna mata." Ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla da kabbara, na ji da kunnena. Ya yanka ya tafi kasuwa, don gidan Istifanus babbaka suke yi, ba fiɗa ba. Agnes ta juya tana share ido da gefen zane.

Sai ga Christabel ta fito tana hamma, ta tarar an gama. Ta yi ta mita an hana ta hoto. Ƙarshe ta ɗauko wuƙar madafa, ta dangwala a jinin, ta damƙa wa ubanta.

"Durƙusa, Baba. Taka ƙafarta. Ɗaure fuska mana."

Istifanus fa, tsohon malamin firamare, ko kaza bai taɓa yankawa ba, ɓera ma Agnes yake kira. Ya durƙusa yana dariya, ta ce ya daina dariyar, ya daina. Ta ɗauka.

Da hantsi na shiga gidan Fatu ɗibar garwashi. A zaure na tarar da Mudathir, babban ɗanta, ya sa farar riga, wuƙar ubansa a cinya, ta sha washi tana ƙyalli. Ya hana kansa fita da kekensa mai ƙafa uku neman fasinja. Fatu ta ce mini, "Na ce ya zauna, yanzu za su aiko. Gidan nan ne ke yi musu, ba za a ce don mai gidan ya tafi an fasa ba."

Kalma huɗu ce ta isa in faɗa musu: an riga an yi. Na ɗebi garwashina na ce, "Allah ya kawo su." Ina son in ga yadda abin zai kaya. Har aka kira azahar yana zaune. Warin babbaka ya cika layi, ya tashi ya cire rigar.

Ranar Kirsimeti da suka taso daga coci aka fara rabo. Tawa kular ta iso, na ajiye, na bi bayan Christabel da ta ɗauki babbar, koriya, ta nufi gidan Fatu. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta buɗe mata: dafa-duka, soyayyar cinya, hanta a gefe, cincin a leda. Ƙamshi ya cika ɗaki.

Na ce, "Ke 'yar Jos, nuna wa Adda Fatu hoton jarumin bana."

Yarinya ta yi dariya, ta danna, ta miƙa. Ga Istifanus a durƙushe, fuska a ɗaure, wuƙa da jini a hannu, akuya a kwance. Gaskiya hoton ya yi kyau, hasken safiya ya sauka a kan furfurarsa. Fatu ta daɗe tana kallo.

"Ya fito sosai," ta ce. "Ki gaida Mama. Allah ya maimaita mana."

Da yarinyar ta fita, ta dube ni. "Goggo, ke da katangarku ɗaya. Shi ya yanka?"

Na ce, "Ni ma hoton na gani."

Niyyata in bar ta da ƙamshin nan zuwa la'asar, miyau na tsinkewa, sannan in dawo in gaya mata, mu yi dariya, in taya ta cin hantar. Na koma gida na cinye nawa tas, na sha zoɓo, barci ya kwashe ni. Da na farka rana ta yi sanyi. Na je na tarar babu kula a ɗakin.

"Ba a zubar da abinci," in ji Fatu. "Na kai wa masu ci."

Cikin mayafinta ta ɓoye ta, ta bi ta lungun baya, ta kai wa Roda mai ɗinki da ke ƙarshen layi, wadda baƙi suka cika wa gida daga ƙauye. Ta roƙe ta kada ta faɗa. A nan ma zan iya magana. Sai na ga idan na faɗa yanzu ni za a zaga, na ce bari a kwana biyu abin ya wuce.

Washegari da yamma ina tsakar gidan Agnes muna ɓarar gyaɗa, Christabel ta dawo daga yawon gaisuwa. Ta zauna kusa da uwarta tana nuna mata abin da ta ɗauko. Ga 'yan mata da sababbin kitso, ga limamin cocinsu da faranti a hannu, ga teburin gidan Roda, jikoki sun kewaye shi.

"Koma baya," Agnes ta ce. "Matso mini da wannan."

Christabel ta matso da hoton. A tsakiyar teburin koriyar kula ce, a murfinta ga alamar jan farce da Agnes ke yi wa duk kwanukanta don kada su ɓata a biki. Wani yaro na riƙe da ƙashin cinya.

"Ni ƙaramar ja na aika wa Roda," ta ce a hankali. Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta yafa gyale, ta fita. Na bi ta, ƙafata na ciwo amma na bi.

Fatu na zaune a tabarma tana tsince wake. Agnes ba ta zauna ba.

"Adda, na zo karɓar kulata. Ko in je gidan Roda?"

Fatu ta ajiye faifan. "Zauna, Maman Luke."

"A nan ma ina ji. Me abincina ya yi miki?"

"Abincinki bai yi mini komai ba. Kin san ba zan ci abin da ban san yankansa ba. Ban zubar ba, ban dawo miki da shi ba, don kada ranki ya ɓaci."

"To ga shi bai ɓaci ba. Yankan wa kike tsammani?"

"Na ga hoto."

"Hoto." Agnes ta yi wata gajeriyar dariya. "Baban Luke? Shekara nawa kina ganin mutumin nan, kin taɓa ganin ya kashe ko ƙadangare? Ikrima na Muda Lawal ya yanka. Tun asuba na tashi cikin sanyin nan na jira shi, don ke. Don kada ki ji kukan akuya ki tuna Malam."

"Don ni?" Fatu ta ɗago kai. "Yaron nan ya wasa wuƙar ubansa, ya zauna a zaure tun safe har azahar kamar mai jiran sadaka. Kowa ya wuce ya gan shi. Kin ɗauko bare daga kasuwa, kin shigo da shi ta baya kamar kayan sata. Da kin leƙo kin ce, Adda, bana yaya za mu yi? Mutuwa aka yi mana, ba tashi muka yi daga layin ba."

"Ke da kin leƙo kin ce, Maman Luke, wa ya yanka? Taku goma ne tsakaninmu. Kin gwammace ki yarda zan zuba miki abin da addininki ya hana, in rufe, in aiko 'yata da shi tana murmushi. Ni. Wato duk shekarun nan Malam kika yarda da shi, ba ni ba."

Fatu ta tura faifan gefe. Can ta ce, "Na tambaya. Na tambayi Goggo."

Suka juyo gaba ɗaya. Ban taɓa sanin tsakar gidan nan na da faɗi haka ba, ƙofa ta yi mini nisa.

Na ce, "Wasa ne. Na ga Ikrima, har kabbararsa na ji. Na so in ɗan ja ta ne zuwa la'asar, barci ya ɗauke ni."

"Kin ga yaron nan a zaure kuma kin sani," in ji Fatu.

"Na sani."

Ta ja faifanta ta ci gaba da tsintar wake, tana jefar da mai kyau tare da tsakuwa. Na tsaya ina jiran zagi. Da sun haɗu sun zage ni tas, da an gama, har na shirya kukan da zan yi. Babu wadda ta zage ni.

A waje na tari Agnes, na kama gefen gyalenta. "Maman Luke, laifina ne. Ni za ki riƙe, ki bar baiwar Allahn nan, ba ta gama fita daga rashi ba."

Ta zare gyalenta a hankali. "Ke ai na san halinki, Goggo, tun ina amarya. Ko gobe kika yi ba zan yi mamaki ba. Ita ce ban sani ba."

Christabel ta goge hoton, ta yi kuka, ta je ta ba Fatu haƙuri har ƙasa. Istifanus ya aika a kira Mudathir, aka ce ya fita da keke. Ya sake aikawa, aka ce bai dawo ba. Roda ta wanko kular ta kawo da kanta, tana rantsuwa ba ta san komai ba, alhali ta sani.

Ranar sabuwar shekara da hantsi ina bakin ƙofata ina shan rana, sai ga Fatu ta fito da ƙwarya a rufe da faifai, kindirmo da curin man shanu da 'yan'uwanta suka kawo mata daga ruga. Ta tsallaka kwata, ta wuce ni ko kallo babu, ta yi sallama a ƙofar Agnes. Na ji daɗi har na gyara zama.

Agnes ta fito da kayan coci. Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"An gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri. A gaida mutanen gida."

Hajiya. Fatu ba ta taɓa zuwa ko filin jirgi ba. Haka Agnes ke kiran matan da ke zuwa sayen zoɓo a wurinta, waɗanda ba ta san sunansu ba.

Fatu ta ɗan tsaya, ko za a ce ta shigo. Agnes ta miƙa wa Christabel ƙwaryar ta ce a juye a ba ta abinta yanzu, kada ta sha wahalar dawowa. Aka juye, aka ɗauraye, aka miƙo. Fatu ta karɓa tana ɗigar ruwa, ta juya.

Da ta zo daidai ni na ce, "Adda, an shiga sabuwar shekara lafiya?"

Ta ce, "Lafiya," ta shige gida ta tura ƙofa.