Fenaretin da Baba Ya Tare

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana ba da labarin fenareti guda ɗaya. Lokacin da yake aiki a masaƙa shi ne golan ƙungiyar ma'aikata, kuma a wasan ƙarshe da 'yan kamfanin siminti, saura minti biyu a tashi, aka ba 'yan simintin fenareti, ya yi tsalle ya tare. Tun ranar abokansa ke kiransa Katanga. Tsallen kuwa duk shekara ƙara tsawo yake. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ta san tsallen tun yana taku biyu. Yanzu ya kai daga bakin ƙofa zuwa firiji.

Ana kwashe ɗakin ajiya Mama ta tsinci kaset ɗin wasan a ƙarƙashin tsohon keken ɗinki. Nas ta kai wa mai hoto, ya kwafe mata a filash. Baba ya ce shi ba zai kalli tarihinsa a kwamfuta mai fuska kamar tafin hannu ba. A babban talabijin ɗin falon Nas zai gani, ranar Asabar, kuma har ya gayyaci tsoffin abokansa uku.

Ramin filash na talabijin ɗin ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage jone da shi sai na'urar gem ta mijin Nas, mai gyaran injin sanyaya ɗaki, mutum mai furfura a gemu wanda har yau yake rantsuwa don yara ya saye ta, alhali yaran ba su taɓa samun layi ba.

"Wannan ai ba aiki ba ne," in ji shi. Ya soka filash. Na'urar ta yi nazari, ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Ya zare, ya hura masa iska, ya mayar. Daga nan ya je kwamfuta ya goge haruffa ukun da ke wutsiyar sunan fayil ɗin, ya rubuta waɗanda na'urar ke so.

"Injiniya," Nas ta ce, "in ka kira jaki doki, sai ya fara sukuwa?"

Bai yi sukuwa ba.

Ranar Juma'a Nas tana hutu, ta zauna da kwamfuta a teburin cin abinci ta yi ta karatu har ta gane kan abin. Ashe kamar magani ne: kwalba daban, abin da ke ciki daban. Mijinta takardar jikin kwalba kawai ya canza. Dole a juye hoton da sautin gaba ɗaya zuwa irin wanda na'urar ke iya haɗiya. Ta sauke manhajar juyawa, ta danna. Awa biyu fankar kwamfutar tana kuka kamar za ta tashi sama.

Juyin farko, na'urar ta ce fayil ɗin ya yi wa filash girma. Na biyu ya buɗe, amma hoton ya baje, 'yan wasan duk sun zama gajeru masu faɗi kamar randuna. Na uku hoto ya daidaita, sai sauti ya yi gaba, ana busa usur tun kafin alƙali ya kai shi baki. Ta rage nauyi, ta gyara faɗi, ta daidaita sauti. A na huɗu komai ya zauna. Ta ja gaba zuwa ƙarshen wasan don ta tabbatar. Ta kalla sau biyu, ta rufe kwamfutar, ta kira Mama.

"Mama, kin san abin da ke cikin kaset ɗin nan?"

"Ina wurin, 'yar nan."

"In ce ya ƙi juyuwa?"

"Ki ce me? Shekara talatin da biyu ina jiran ranar nan. Ki ƙara masa haske ma."

Asabar falo ya cika. Baba ya zauna a tsakiya, ya karɓi hannun gem ɗin ya ɗora a cinya kamar sitiyari, ko da yake bai san maɓalli ko ɗaya ba. Ga shi nan a talabijin, siriri, gashi tuli, gajeren wando har ya so ya yi rowa. Alƙali ya nuna fenareti. Ɗan siminti ya ja baya. Shi kuwa Katanga ko kallonsa ba ya yi. Ya juya kai gefen 'yan kallo yana gyara gashi, yana murmushi. Ƙwallo ta zo ta same shi a tsakiyar hanci, ta koma fili, shi kuma ya zauna daɓas cikin raga.

Mai ɗaukar hoton, da alama shi ma ya so ya ga abin da ya ɗauke hankalin gola, sai ya karkata kyamara. Wata budurwa ce riƙe da lema, ta dafe ciki tana dariya har lemar na faɗuwa. Kowa ya san dariyar kafin ya gane fuskar, don ga Mama nan a kujerar gefe tana sake yin ta.

"Na'urar wasan yara ce," in ji Baba. "Ta yanke wani wuri."

"Ba ta yanke komai ba, Malam," Mama ta ce tana share hawaye. "Nas, mayar mana baya."

Sau biyar aka mayar. Ɗaya daga cikin abokan ya furta cewa su dama ba don tsalle suka sa masa Katanga ba, don katanga ba ta motsi ne. Mijin Nas ya fita tsakar gida wai zai duba injin da lafiyarsa ƙalau, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Baba ya yi fushin kwana biyu. Ran na uku Nas ta biya gidansa daga aiki, ta same shi a ƙofa yana yi wa maƙwabci bayani.

"Da hannu kowane gola yana tarewa," yake cewa. "Ka nemo mini wanda ya tare da hanci, bai ma duba ba, kuma ya tashi da mata."