Faffaɗan Titin Bayan Lakwal

Namadi ba ya yarda da abin da kyansa ya yi yawa, gidan nan kuwa kyansa ya yi yawa.

Shekara ashirin da shida ya yi a Yamai yana ɗinki, kuma titi ne ya kore shi daga can. Ɗiyarsa Aziza, mai shekara takwas, ƙafarta ta hagu a shanye take tun tana goye. Tana tafiya, amma jan ƙafar take yi, ba ta iya gudu. Kullum sai ta ƙetare kwalta biyu kafin ta kai lakwal, wato makaranta. Ranar da wani ɗan kabu-kabu ya ture ta har ta fasa leɓe, a ranar Namadi ya ce wa matarsa Bintu ta fara ɗaure kaya. Ya bar su can, ya taho Tasawa neman gida da sharaɗi guda: yarinyar ta fita daga ƙofa ta isa lakwal da ƙafarta, ba abin da zai bi ta kanta. Saura kwana goma sha biyu a koma karatu.

Dillalin da aka haɗa shi da shi sunansa Mai Nasara, gajere, mai yawan dariya. Ya kai shi wani gida a gefen gari, ɗaki uku, da famfo a tsakar gida. In ka tsaya a ƙofa kana hango katangar lakwal. Tsakaninsu titi ne na rairayi, miƙaƙƙe, mai faɗin da manyan motoci uku za su jera a cikinsa.

"Ka gani ko, Malam Namadi?" in ji Mai Nasara. "Ba mota, ba moto mai ƙafa biyu. Rairayin ma ba ya barin su shigo. Ɗiyarka ko rarrafe take sai ta kai."

"Tahiya take yi," Namadi ya ce.

Ya tsaya yana kallon titin. Ba mai tebur ko ɗaya. Ba bishiya, ba benci, ba yaran da ke buga ƙwallo, alhali hutu ake. A Yamai fili irin wannan ba ya kwana biyu sai an kafa masa rumfar shayi. Sannan ya lura da wani abu: duk gidajen da ke jere, hagu da dama, baya suka ba titin. Wannan gidan kaɗai ne ƙofarsa ke kallonsa.

"Mi ya sa kowa ya juya mishi baya?"

"Ra'ayi ne. Mutanen da ba su je birni ba, mi suka sani da babban titi?"

Namadi ya fara zargin ruwa. Ya durƙusa ya duba gindin katanga, ya kankare da farce, bai ga sawun ambaliya ba. Ya zargi rigimar gado, aka nuna masa takardu, ya kai wa wani mai karatu ya karanta masa, komai daidai. Ya tambaya ko wani ya mutu a ciki mutuwar da ba a son faɗi, Mai Nasara ya yi dariya har da riƙe ciki. A kusurwar gidan akwai wani turken siminti da jan fenti ya koɗe a kansa. Namadi ya ɗauka irin alamar iyakar fili ce da ake kafawa a Yamai, ya wuce shi.

Sau uku suna zuwa, kuma sau ukun bayan azahar. Da Namadi ya ce su zo da safe, dillalin ya ce da safe yana tasha. Da ya ce to da yamma, ya ce da yamma yana ɗaukar karatu wurin malaminsa.

A rana ta huɗu Namadi ya zo shi kaɗai. Ya zagaya ta lungun baya, inda ƙofofin maƙwabta suke. A nan ne rayuwa take: mata na daka, yara na guje-guje. Ya tarar da wani dattijo mai aikin katako, Yowel, Kirista ne, yana goge ƙafar kujera. Suka gaisa, Namadi ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, gidan can na bayanka, akwai aibu gare shi?"

"Ginin ƙwarai ne. Ni na sa mishi ƙyamare."

"Titin fa?"

Yowel ya hure ƙurar katako, ya ɗaga ƙafar kujerar yana duba ta da ido ɗaya. "Mai Nasara, na san ubanshi. Mutumin kirki ne uban."

"Ba ubanshi na tambaya ba."

"Yara gare ka?"

"Ɗiya guda. Ƙahwarta ba ta da ƙarhi."

Dattijon ya ajiye aikin. Ya dubi Namadi. Can ya ce, "Ka zo gobe mu sha kunu. Tsohuwata ta iya kunun tsamiya. Amma kada ka bari bakwai ta sahe ta yi."

Namadi ya tafi yana juya maganar. Mutumin da bai san ka ba, me zai sa ya kira ka kunu, har da yanka maka lokaci? Ko bakinsu ɗaya da dillalin, ko kuma shi ma yana da wani kangon da yake son kakaba masa. Da la'asar ya kira Bintu ya gaya mata.

"Malam, zarginka ya yi yawa," ta ce. "Ka duba ruwa, ka duba takarda, saura aljanu. Mai gidan nan ya ce mu fita ƙarshen wata. In wani ya riga ka fa?"

"In ya riga ni, ya taimake ni."

"Aziza kullum sai ta tambaye ni wace lakwal za ta shiga."

Wannan ta shige shi. Ya ce mata gobe zai gama magana, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Bakwai saura kwata ya isa. Yowel bai shimfiɗa tabarma a rumfarsa ba. Ya ɗauki benci ya kai bakin lungu, daidai inda lungun ya faɗa cikin faffaɗan titin, ya ce su zauna nan, ya fi iska. Aka kawo kunu da ƙosai. Namadi ya riƙe ludayi bai sha ba, yana jiran a fito da maganar da aka kira shi dominta. Dattijon kuwa labarin tsadar katako yake yi.

A ƙafafunsa ya fara jin abin, ƙasa tana ɗan rawa. Sai ga su sun karyo kwana: shanu, ƙaho a sama, sun cika titin daga katanga zuwa katanga. Jajaye na Fulani a gaba, na gari a baya, tumaki na kutsawa ta ƙarƙashinsu, makiyaya biyu da sanduna can a ƙarshe, ba mai iya ganin abin da ke gaban garken. Wani bijimi ya tsaya a ƙofar gidan da za a sayar masa, ya goga wuyansa a jikin ƙyauren har katakon ya yi ƙara. Garke ya wuce, wani ya biyo. Namadi ya dubi katangar lakwal, ya dubi ƙofar, ya auna tafiyar Aziza a tsakaninsu. Babu lungu ko ɗaya a hanyar da yaro zai faɗa ya fake.

Da suka ƙare, mata suka fito da kwanuka suna tsince kashin shanun, za a kai gona. Kafin kunun ya huce titin ya koma fes, sai sawun kofato, shi ma iska za ta shafe kafin azahar.

"Burtali ne," in ji Namadi.

Kunya ta kama shi. A Maijirgi aka haife shi. Yana yaro ko da ido rufe ya san hanyar bisashe, ya san jan turken da ake kafa mata. Birni ya sa ya ga burtali ya kira shi babban titi.

"Sahe da marece," Yowel ya ce. "Lokacin tahiya lakwal da lokacin tashi. In an saki gonaki kuma shanun arewa su sauko, su ba su da lokaci."

"Baba, mi ya hana ka hwaɗa mini jiya?"

"Nan ba a ɓata ma mutum ciniki. Gobe tare za mu zauna wurin suna, jibi wurin gaisuwar mutuwa. Ni kunu na kira ka. Sha, ya huce."

Namadi ya shanye, ya yi godiya, ya nufi tasha. Ya sami Mai Nasara a rumfar mai shayi.

"Na je da sahe," ya ce masa.

Dillalin bai ko ajiye kofinsa ba. "Mota ka ce, Malam Namadi. Moto ka ce. Na yi maka ƙarya? Sannan bisashe ai da mai kora gare su."

"Ka kai ɗiyarka ta zauna ciki," in ji Namadi.

Ya juya ya fita, ya kira Bintu tun bai bar tashar ba. Ya gaya mata abin da ya gani. Ta tambaye shi yanzu ina za su sa kansu.

"Ki kwance kayan da kuke buƙata. Ki roƙi mai gida sati biyu. Aziza za ta rasa kwanakin farko, a gaya mata ni na ce."

"Za ta yi kuka."

"Ta yi."

Ya kashe wayar ya koma unguwar da ƙafa, ta lungun baya. Ya tambayi Yowel ko akwai ɗakin haya a wannan gefen, ko da ƙarami ne. Dattijon ya nuna masa wani gida mai ɗaki biyu kusa da injin niƙa, ya ce zai iya kiran mai shi yanzu a buɗe masa.

"A bar shi rufe tukuna," in ji Namadi. "Ara mini bencin nan."

Ya ɗauka ya kai gindin katangar da ke kallon gidan, ya zauna, ya fara lura da duk abin da ke wucewa ta lungun.