Jakin Tasalla

Mu'azu ya san cewa tun bayan ƙaramar Salla ya kamata ya mayar wa Tasalla jakinta, amma bai mayar ba. Matar marigayi ƙanensa ce, tana noman albasa a fadamar Aliero, kuma da ya aika neman jakin, aron 'yan kwanaki ya ce. Ga shi an tone albasa, tana jibge a fili babu mai kai ta gida, alhali ruwa ɗaya ya isa ya ruɓar da ita.

A farkon zuwan Nasara ne hakimi ya naɗa shi wakili, ya ɗora masa ginin barikin da Bature zai riƙa sauka a Jega, da sharaɗin a rufe shi kafin ruwan fari. Aikin duk a kan jakuna ya rataya, su kuwa 'yan kaɗan ne. Su ke ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa daga gulbi, su ne kuma ke jawo azara daga dajin Maiyama. In aka tura su Maiyama, kwaɓi ya bushe, magina su koma inuwa. In aka bar su a gulbi, bango ya tashi babu abin ɗora masa. Mutanen ƙauyen Gehuru da aka kawo aikin kuma kullum hankalinsu na kan sharar gona. Wanda ya iya ɗaure rufin soro mutum ɗaya ne tak, Gado, taubashinsa.

Da hantsi Gado ya leƙo daga kan bango.

"Wakili, ka duba gabas?"

"Na duba."

"To yau mi za mu yi, ruwa ko azara? Jiya ka ce ruwa, shekaranjiya ka ce azara. Wallahi jakkan ga sun hi ka sanin inda sunka dosa."

"Bari wasa, Gado. Cikina ya ɗuri ruwa."

"Da ka juye muna shi ga kwaɓi, da mun huta."

Mu'azu bai yi dariya ba. Ya danna babban yatsansa a ginin jiya, yatsan ya nutse. Ba a ƙara gini a kan ɗanyen bango; sai ya sha rana, yau dai ba a bukatar ruwa. Irin wannan rana ta sha zuwa, kuma kowace ya kan tura jakunan duka Maiyama, don tsoron kada dogarin hakimi ya zo ya tarar an cire ɗaya daga aikin. Na Tasalla ya fi sauran ƙarfi. In aka cire shi, azara ba za ta cika a wannan sawun ba, sai an sake komawa, kuma ba shi da tabbacin hadari zai jira.

Ya share gumin da ke bin gemunsa. Sannan ya ce a kora jakuna Maiyama, ban da na Tasalla da ke ɗaure a gindin tsamiya.

"In dogari ya zaka hwa?" in ji Gado, wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Ka ce mai shi ta karɓi abinta. In ruwa ya ci ginin, ni za a kira."

Ya kwance igiyar da hannunsa. Ya ɗora wa jakin mangala, ya kama hanyar Aliero a ƙasa, yana tafe yana waiwayen gabas, inda gajimare ya fara duhu.